Me ya sa iskar da ke gangarowa daga tsauni take zuwa da ɗumi?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum, malamai. Tunda kan tsauni ya fi sanyi, yaya iskar da ke saukowa daga can take isowa da zafi? Ko danginta ɗaya da hunturunmu na Zariya?

Malama daga Kongo: Wa alaikumus salam. Sirrin yana ga danshi. Iska mai danshi in tana hawa, tana rage kamar digiri 6 a kowace mita 1000, ta zubar da ruwanta a wannan gefen. In ta gangara ta baya a bushe sai ta matsu, ta ƙara kusan digiri 10 a kowace mita 1000. Ɗauki tsauni mai mita 2000: ta taso da digiri 20, ta kai ƙololuwa da 8, ta sauko da 28. Inda ɗalibai ke kuskure, 6 ɗin ba ya aiki sai gajimare ya haɗu.

Baba na Tudun Wada: Ɗana, raba su. Bushewar hunturu daga Sahara take, ba daga tsauni ba. Waccan a tsaunukan Alps na Turai Fon ake ce mata, a Amurka Cinuk, a Ajantina Zonda. A garin Spearfish na Amurka, cikin Janairun 1943, ta ɗaga ma'aunin zafi da digiri 27 cikin minti biyu. Tana narkar da ƙanƙara farat ɗaya, tana kuma rura gobarar daji, shi ya sa ake tsoronta.