Tsinin Andreev ko layin sinkurotiron? Wata takwas suka rage min

Binta_Lab: Assalamu alaikum. Ina digiri na uku, na shimfiɗa siririn Co2MnSi (haɗin kobalt, manganis da silikon, na dangin ƙarafan Heusler) a kan MgO (magnesiyom oksaid), kuma dole in auna karkatar sifin ɗin ilektron ɗinsa (P, wato yadda ilektron masu juyi ta ɓangare guda suka rinjayi masu juyi ta ɗaya ɓangaren) kafin in rufe kundi. Na'urar sanyinmu ba ta sauka ƙasa da Kelvin 4.2. Ko dai in yi awon Andreev (a taɓa samfur da tsini a auna lantarkin da ke wucewa) da tsinin niyobiyom a nan, ko in nemi lokaci a sinkurotiron (babbar na'ura mai ba da haske mai ƙarfi don awo). Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa min gaskiya.

TsohonMaganaɗisu: Wa alaikumus salam. Bi hanyar Meservey da Tedrow, tun 1971 ake cin moriyarta. Siririn alminiyom, maganaɗisu mai ƙarfi, shi ke nan.

Binta_Lab: Malam, ai wannan sai ƙasa da Kelvin 1. Na faɗi iyakar na'urarmu a sama.

Sani_Tsini: Ƙanwata, ki ji nawa. Niyobiyom yana zama sufakondakta (lantarki ya ratsa shi ba turjiya) a Kelvin 9.2, shi ya ruɗe ni na ce abu mai sauƙi. Shekara guda na yi ina fiƙe waya, ina murza sukuru a hankali har tsini ya taɓa samfur. Ka ƙara murzawa kaɗan, tsinin ya lanƙwashe, sai ka ɗumama komai ka sake daga farko. Kowane taɓi da irin zanensa. Wajen daidaita lissafin BTK (wanda ake fassara zanen awon Andreev da shi) kuma ga P, ga Z (ƙarfin shingen wurin taɓin), ga faɗin giɓin sufakondakta, ga bazuwar zanen. Ka taɓa ɗaya, P ta motsa. Na tura takarda, mai bita ya jefo min maganar Mazin ta 1999: wace P na auna, ta ilektron mai wucewa kai tsaye ko ta mai karo a hanya? Ban da amsa. Daga baya na gane saman samfurin ma ya riga ya sha iska. Tsatsa na shekara ina aunawa.

Dakta_Hauwa: Allah sarki. Amma kar ka ɗora wa hanyar laifin iska. Da ita Soulen da abokansa suka sami P kusan kashi 90 a CrO2 (kuromiyom oksaid) a 1998. Su kuma 'yan Mainz da suka sami kashi 93 a Co2MnSi a 2014, da haske suka auna, samfurin bai taɓa fita daga injin da ba iska a cikinsa ba.

Lissafi_Kawai: Ki yi mahaɗar MgO ki auna TMR (canjin turjiyar lantarki a mahaɗar in an juya maganaɗisu), ki sa a lissafin Jullière ya ba ki P.

Sani_Tsini: Kai da ba ka taɓa riƙe tsini ba? MgO da kansa yake tace sifin, shi ya sa TMR ta kai kashi 604 a 2008. P ɗin mahaɗa za ta samu, ba ta ƙarfen ba.

Auwal99: A kwamfutar Lissafi kowane Heusler P ɗinsa kashi 100 ne tun zamanin de Groot, 1983 😂 Ba iska, ba tsatsa, ba mai bita.

Lissafi_Kawai: Amma in zanenku ya rikice wurinmu kuke zuwa.

TsohonMaganaɗisu: Sinkurotiron kyauta ne in an karɓi buƙatarki.

Dakta_Hauwa: Kyauta a takarda, Malam. Mu jigilar samfur cikin akwatin da ba iska ta cinye kuɗin aikin. Ga na'urar Mott mai auna sifin, cikin ilektron kusan 10,000 ɗaya take amfana da shi, kwanakin da aka ba mu suka ƙare zane biyu kawai muka samu.

Sani_Tsini: Ni ruwan hiliyom na sanyaya na'ura ne ma ya ƙarasa ni. Ana tsakiyar awo tulu ya ƙafe, mai kawowa ya ce sai bayan sati uku, farashi kuma ya ninka.

Auwal99: Mu bai ninka ba, muna da injin mayar da shi ruwa.

Sani_Tsini: Kuɗin gyaran injin fa, wa ke biya? Sai ɗakin wani ya bar bawul a buɗe a raba asarar da kowa.

Binta_Lab: To ni yanzu wanne zan yi?

Auwal99: Yaya Sani, ku ma a kan kowa ake raba asarar? Na ɗauka mu kaɗai ne.