Wanne zan saya wa 'yata: na mutum-mutumi ko na gizo-gizo?

Baban Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. 'Yata shekararta 15, tana makarantar kwana. Tun tana ƙarama ba ruwanta da labarin soyayya, ita dai a ba ta wanda dabba ko aljani ko na'ura ke magana a ciki. Akun nan na Magana Jari Ce ne ya fara ja mata ra'ayi. Yanzu ta rubuto mini sunan littattafai uku na Turanci da ta ji a bakin malamarsu: Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, All Systems Red na Martha Wells, da Children of Time na Adrian Tchaikovsky. Ƙanena zai taso daga Ingila mako mai zuwa, kuɗin da na tura masa kuwa na guda ɗaya ne, ya ce in faɗa masa zuwa jibi. Dole ya zama na takarda, don ba a barin waya a makarantarsu. Turancinta ba laifi, amma sai da ƙamus a gefe. Don Allah wanda ya karanta ya faɗa mini yadda ya ji, da kuma ko akwai abin da bai dace da yarinya ba.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Baba ka adana kuɗinka, duka ukun ina da su a waya. Turo lamba in tura maka ta WhatsApp ka ba ta.

Uwar Gida: Ɗan Fagge ka karanta tambayar kuwa? Ya ce ba a barin waya.

Injiniya: All Systems Red, ba tantama. Mai ba da labarin mai gadi ne da kamfani ya ƙera, rabi ƙarfe rabi tsoka, ake ba da hayarsa ga masu bincike a wata duniyar. Ya ɓalle na'urar da ke tilasta masa bin umarni, kowa zai zaci kisa zai shiga yi, sai ya ɓige da kallon wasannin kwaikwayo masu dogon zango a ɓoye. Ba ya son a kalle shi ido cikin ido, ba ya son a tambaye shi yadda yake ji. Wallahi ban taɓa ganin kaina a littafi kamar yadda na gani a wannan ba, ni da ko ɗaurin aure na je nake neman lungu. A 2017 ya fito, ya ci kyautar Hugo da Nebula. Gaskiya akwai ashar ta Turanci nan da can, kuma an ɗan taɓo irin zaman aurensu da ba namu ba, a taƙaice.

Mai Shayi: Wato an ƙera mutum-mutumi, an kashe miliyoyi, ya zo ya zama irin ƙanwata da Dadin Kowa. To Allah ya kyauta.

Hajiyar Kaduna: Ni ban ba da shawarar a ɗauko shi tun daga Ingila ba. Shafi 150 ne ko ƙasa da haka. Ɗana ya fara bayan la'asar, kafin isha'i ya ajiye yana tambayar na biyu. Yarinyar da za ta yi wata uku a makaranta me zai yi mata? Kuma naira 21,000 na saye shi a Abuja.

Injiniya: Hajiya 21,000? Ni 9,000 na saya.

Hajiyar Kaduna: Yaushe? Kafin a cire tallafin mai ko bayan?

Malama Z.: Baban Biyu, ka yi haƙuri zan yi dogon bayani, don abin har yanzu yana ci mini rai.

Ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi. Na kafa ƙungiyar karatu ta 'yan mata, muna zama ranar Alhamis bayan an tashi. Da albashina na sayi Klara and the Sun guda shida, ba wanda ya ba ni ko sisi. Na zaɓe shi ne saboda Turancinsa mai sauƙi ne, gajerun jimloli, ba batsa, kuma marubucin ya ci kyautar Nobel a 2017. Klara mutum-mutumi ce da ake sayarwa a kanti don ta zama ƙawar yaro. Aka saya wa wata yarinya mai suna Josie, kusan sa'ar 'yarka, wadda ba ta da lafiya. Da hasken rana Klara take aiki, saboda haka a iya tunaninta rana ce ke ba kowa lafiya. Sai ta je wata rumfa a bayan gona inda take zaton nan rana ke kwana, ta roƙe ta ta warkar da Josie, har ta yi alkawarin lalata wani inji mai fitar da hayaƙi don ta faranta mata.

Yaran nan sun fahimci abin sarai. Akwai wata 'yar shiru-shiru da ke zama kusa da taga, ta ɗaga hannu ta ce, Malama ai ba laifinta ba ne, iya abin da ta sani ke nan, ba wanda ya koya mata. Wata ta ce abin da ya fi ba ta tausayi shi ne kowa a gidan yana amfani da Klara amma ba mai tambayarta ko ta gaji. Na koma gida ranar ina jin na yi aikin da ya fi duk wani darasin nahawu.

Sai wata ta tafi da littafin gida hutun ƙarshen mako. Mahaifinta ya buɗe daidai shafin rumfar. Ranar Litinin aka kira ni ofis, ga shi zaune da littafin a kan cinya, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane wuri da aka rubuta Sun da babban baƙi. Ya ce ina koya wa 'ya'yan Musulmi bautar rana. Na yi bayani, na ce ya karanta daga farko, ya ce ba ya buƙata. Shugaban makarantar, wanda shi ya sa hannu a takardar kafa ƙungiyar, bai ce uffan ba don kare ni. Aka rufe ƙungiyar, aka kulle littattafaina a sito, har yau ba a ba ni ba. Abin da ya fi ƙona ni, a taron iyaye wata uwa ta nuna ni da baki tana gaya wa ta kusa da ita, ita ce malamar ranar nan. Ni da na yi saukar Alƙur'ani tun ina shekara 13.

Littafin yana da kyau ƙwarai. Amma in za ta shiga da shi makarantar kwana, ka fara sanin su wa ke duba akwatinsu.

Uwar Gida: Innalillahi. Malama Allah ya saka miki. Ko kuɗin littattafan ba su biya ki ba?

Malama Z.: Ko kwabo, Yaya.

Abu Sumayya: Malama ki yi haƙuri, amma uban nan yana da hujja. Ba kowane yaro ne zai rarrabe ba. Ke kin ga masu kaifin basira biyu, sauran fa? Kamata ya yi a sanar da iyaye tun farko.

Malama Z.: Malam, a tatsuniyarmu Gizo yana ƙarya, yana sata, yana yaudarar Ƙoƙi, kakanninmu suka ba mu muka ji. Wa ya zama ɓarawo saboda Gizo? Kuma an aika wa iyaye takarda da sunan littafin, ba wanda ya duba.

Abu Sumayya: Sata daban, aƙida daban.

Ɗan Fagge: Ni dai ƙarshen labarin Klara ne ya kashe ni. A ce bayan duk abin da ta yi, a kai ta filin 'yan gwangwan a ajiye tana tuna baya ita kaɗai. Na yi kwana biyu ba na son kallon tsohuwar wayata da ke cikin durowa.

Hajiyar Kaduna: Haba Ɗan Fagge! Ina shafi na 80 ka zo ka faɗi ƙarshe? Wannan wace irin ɗabi'a ce?

Ɗan Fagge: Afuwan Hajiya, na zaci kowa ya gama.

Dakta: Bari in dawo da mu kan tambaya. Na koyar da adabi shekaru da dama, kuma a cikin ukun Children of Time ne ya fi nauyin tunani. An shirya wata duniya don birai, aka saki ƙwayar da za ta haɓaka musu basira, biran ba su isa ba, ƙwayar ta kama gizo-gizo masu tsalle. Marubucin ya bi su zuriya bayan zuriya, yana maimaita sunaye iri ɗaya, Portia da Bianca da Fabian, har suka gina birane, suka yi yaƙi da tururuwa, suka kai ga ilimin taurari. A gefe guda ga ragowar 'yan Adam cikin wani jirgi mai suna Gilgamesh suna neman wurin zama. Ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2016. Shi ya kamata a saya.

Uwar Gida: Dakta, shafi 600 ne fa, cike da kalmomin kimiyya. Yarinyar da ke karatu da ƙamus? Ni na karanta, kuma ni mai tsoron gizo-gizo ce, ko yanarsa na gani a kusurwar ɗaki sai na kira yara. Amma da na kai tsakiya, duk babin da aka koma wajen mutanen jirgin sai in ji haushi, ina ɗokin a dawo wajen su Portia. Da aka zo karon ƙarshe ina goyon bayan gizo-gizo a kan 'yan uwana mutane, har na ajiye littafin ina mamakin kaina. Yanzu in na ga ɗan ƙaramin nan mai tsalle a jikin labule, da kofi nake kife shi in kai waje. Duk da haka wata biyu na yi ina fama da shi, ni da na gama jami'a.

Mai Shayi: Na ji an ce a ciki matan ne ke mulki kuma suna cinye mazajensu. Baban Biyu in ka saya kada ka bari Maman Biyu ta gani.

Dakta: Ba abin dariya ba ne, daga halin wasu gizo-gizo na gaske aka ɗauko, kuma a cikin labarin wani namiji ya tashi neman a daina kashe maza. Shi ya sa nake cewa a bar waɗanda suka nazarci abin su yi magana.

Injiniya: Dakta da girmamawa, ba jarrabawa yarinyar za ta rubuta ba. Ba sai mutum yana da digiri uku zai san littafin da ya hana shi barci ba.

Dakta: Kai da na ga kana yabon shirin talabijin na All Systems Red a wani zauren, ka tabbata littafin ka karanta?

Injiniya: Na karanta tun kafin Apple su yi shirin a 2025. In kawo hoton kwafina?

Uwar Gida: Ni a ganina maganar Malama Z. ce abin ji, ita kaɗai ce a nan ta zauna da 'yan shekara 15 suka karanta tare.

Abu Sumayya: Uba ya fi malami sanin 'yarsa.

Ɗan Maraɗi: Sannunku. Mu nan da Faransanci muke karatu, wanda ya yi mana irin haka shi ne Les Fourmis na Bernard Werber, na 1991, labarin tururuwa. A lise, wato sakandare, muka riƙa karɓa-karɓa da kwafi guda har bangonsa ya cire. Na hannu na samu a Yamai jaka uku ta sefa. Ban san ko akwai shi kusa da ku ba.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai jama'a. Ɗan Maraɗi ba ta jin Faransanci. Ƙanena ya ce kowanne wajen fam 10 ne a can. Malama Z., in na karanta Klara tare da ita a gida lokacin hutu, ba ta tafi da shi makaranta ba, kina ganin ya yi?

Ɗan Fagge: Fam 10? Baba a Sabon Gari na ga Klara 6,500.

Hajiyar Kaduna: Wannan na bogi ne. Na taɓa sayen irinsa a hannun wata mai talla a Instagram, takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, shafi 16 a tsakiya an maimaita su, wasu 16 babu. Na gaske 18,000 na saya.

Injiniya: Ni matsalata ba na bogi ba ce, masu aro ne. Cikin jerin Murderbot, wato All Systems Red da na bayansa, guda huɗu na farko da na tara, biyu ne suka rage. Wani abokin aikina ya karɓi na biyu tun bara, duk sanda na tambaya sai ya ce yana wajen matarsa.

Uwar Gida: Kai naka ma yana raye. Nawa Children of Time ɗin ɗiyar maƙwabciyata ta ara, ya dawo da shatin ƙasan kofin shayi a bango, shafukan ƙarshe sun sha manja. Uwar ta ce ai littafi ne kawai.

Dakta: Ni na daina bayarwa. Wanda yake so ya zo ya zauna a falona ya karanta.

Mai Shayi: Dakta ana ba da abinci a falon?

Malama Z.: Ku ana ara muku ne. Ni guda shida suna sito, an ce mai riƙe da makullin ya yi tafiya.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, rubuta sunanka a gefen shafuka da alƙalami mai kauri, ta yadda ko an rufe littafin ana gani. Haka muke yi a lise. Ba ya hana a ɗauka, amma in ka gan shi a ɗakin mutum ba zai ce nasa ne ba.

Injiniya: Na rubuta a na biyun. Har da lambar wayata.