Kusurwar huce zuciya a makaranta: wa ya taɓa gwadawa?

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da aji huɗu na firamare, yara 46. Akwai wani yaro ɗan shekara tara da ya hana ni sakat a wannan zangon. Ba daƙiƙi ba ne, a lissafi ma yana cikin ukun farko, amma abu kaɗan ke tunzura shi. Makon jiya na kusa da shi ya ɗauki fensirinsa bai tambaya ba. Kafin in juyo daga allo ya kifar da benci, ya shige ƙarƙashin teburina yana haki, ya toshe kunnuwa da hannu. Na yi lallashi, na yi tsawa, duk a banza. Sai da aka kaɗa ƙararrawar tara, aji ya watse, sannan ya fito da kansa, ya tayar da bencin, ya ce "Malama ki yi haƙuri," kamar ba shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron da kansa ya nemi inda babu ido babu hayaniya. Kusa da ajina akwai wani ɗan ɗaki da ake jibge karyayyun kujeru. Na roƙi shugaban makaranta ya ba ni shi in gyara, ya zama wurin da yaro zai je ya huce. Sai ya yi dariya ya ce in na buɗe yau, gobe rabin ajin zuciyarsu za ta tashi da zarar an ce a fito da littafin lissafi. Na rasa amsar ba shi. Waɗanda suka gwada, yaya kuka yi? Me ake sawa a ciki, kuma ta yaya ake hana shi zama mafakar malalata?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, niyyarki mai kyau ce, amma ki bar ɗakin kujerun nan da kujerunsa. Ɗaki ne mai ƙofa, kuma ba ki ganin cikinsa daga gaban allo. Ke kin san dalilin da kika buɗe shi. Malamin da zai gaje ki bai sani ba, ran da yaro ya ishe shi zai tura shi ciki ya ja ƙofa.

Ba zato nake ba. A 2019 jaridar Chicago Tribune da kafar binciken labarai ta ProPublica sun bankaɗo yadda makarantu a jihar Illinois ta Amurka suka riƙa kulle yara su kaɗai a ƙananan ɗakuna, sama da sau 20,000 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, yawancinsu yara masu buƙata ta musamman. Sunayen ɗakunan masu daɗin ji ne, ɗakin shiru, ɗakin tunani. Da labarin ya fito, nan take hukumar ilimin jihar ta sa dokar gaggawa a kai. Ki nemi kusurwa a bayan ajinki, inda idonki ke kai.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma daga nan zan ɗora. Malama, lallashinki da tsawarki sun tashi a banza ne saboda a wannan lokacin yaron ba ya jin magana, ba wai ya ƙi ji ba ne. Idan tsoro ko fushi ya kai maƙura, jiki na sakin sinadarai irin su adrenalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarta. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abu da danne zuciya, shi ne ke ja da baya, kuma dama shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya haura shekara ashirin. To ki ƙaddara ɗan shekara tara. Wa'azi sai bayan jiki ya sauka.

Yadda muke yi a makarantarmu: kusurwa ce da aka kare da ƙaramin kabad mai tsayin ƙugu, yaro na zaune ba ya ganin aji amma malami na hango kansa. Shimfiɗa, matashi ɗaya, takarda da fensir masu launi, ƙwallon roba na matsawa, da agogon rairayi na minti biyar. Shi ke nan. Da farko na cika wurin da kayan wasa, ya koma kasuwa, sai na kwashe.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne ƙa'ida. Yaro ne ke zuwa da kansa, yana ɗaga wani ɗan kati ba sai ya yi bayani a gaban jama'a ba. Malami zai iya raɗa masa "ko za ka je ka ɗan huta?" amma ba ya cewa "tashi ka tafi can." Ran da aka tura yaro a matsayin horo, wurin ya mutu, babu wanda zai ƙara zuwa don kansa. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Rairayi ya ƙare, ko ya dawo ko ya juya agogon sau ɗaya tak. Aikin da ya bari kuma yana nan yana jiransa, wannan ce amsar shugabanki: gudun lissafi ba ya riba idan lissafin bai gudu ba. A makon farko kowa zai so ya ɗana, ki bar su su shiga bi da bi lokacin da hankalinsu ke kwance, ki nuna musu jan numfashi ta hanci da fitar da shi a hankali ya fi shaƙar tsawo, domin hakan na rage bugun zuciya. Bayan mako biyu ɗoki zai wuce, masu buƙata ne za su rage.

Kuma tunanin ba sabo ba ne. Tun 1969 wata masaniyar halayyar yara, Marjorie Boxall, ta fara ƙananan rukunoni a makarantun Hackney a Landan, inda yara kaɗan ke zama da manya biyu a ɗaki mai kama da gida, sannan su koma ajinsu. Ki lura, manya biyu. Ba bango ne ke kwantar da yaro ba, wanda zai tsuguna kusa da shi bayan ya huce ya ce "me ya faru?" shi ne.

Maman Ɗaliba:

Malama, Allah ya saka miki. 'Yata na da lalurar galahanga, kuma toshe kunnen da kika ambata ya taɓa ni, ko da yake ba ina cewa yaronki haka yake ba, wannan sai masana. Ita abin da ke birkita ta shi ne ƙarar jan kujeru da fitilar nan doguwa mai ƙyaftawa. An taɓa nuna mana hotunan ɗakunan Snoezelen da aka fara a Holan a shekarun 1970, masu fitilu kala-kala da bututun ruwa mai kumfa, na ce wannan sai masu hali. Ashe abin da ya yi mata aiki kusurwa ce nesa da ƙofa da abin rufe kunne.

Roƙona ɗaya, ki kula da bakin yara. A tsohuwar makarantarta sun sa wa wurin suna "kujerar masu kuka," ta gwammace ta ciji hannunta da ta zauna a kai. Malamarta ta yanzu da kanta takan ce "yau kaina ya ɗau zafi," ta je ta zauna minti biyu a gaban kowa. Tun daga nan tsokana ta ƙare.

Malamin Sakandare:

Ni dai ina da ja kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, matashi da agogon rairayi ba za su ɗauki wannan nauyin ba. A Birtaniya an yi babban gwaji mai suna MYRIAD, makarantu 84, ɗalibai sama da 8,000, aka koya musu darussan tattara hankali. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi abin da makarantun suka saba koyarwa ba, yara da yawa ma ba su yi atisayen a gida ba. Ba kusurwa aka gwada ba, na sani, amma ya isa ya sa mu rage zuzutawa.

Ki ajiye littafi: wa ya shiga, wace rana, ana wane darasi. Wata ɗalibata kullum sai ta nemi fita kafin darasin karatu a bayyane. Mun zaci damuwa ce, ashe allon ne ba ta gani, tabarau take buƙata.

Malamar Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Baba na bar ɗakin kujeru. Na ja kabad ɗin littattafai na yi kusurwa a cikin aji kusa da taga, shugaba ya ce in gwada zuwa ƙarshen zango. Kwana tara kenan. Yaron ya shiga sau huɗu, benci bai sake kifewa ba, ko da yake jiya ya yi jifa da ƙwallon robar. Malam, na bi shawararka ta littafi: uku daga cikin huɗun ranar Litinin ne da Talata da safe, kafin ma a fara darasi. Na aika wa mahaifiyarsa takarda ta zo mu zauna ranar Alhamis. Wanda ban zata ba ita ce wata yarinya shiru-shiru da ban taɓa jin ta da kowa ba, ta shiga sau shida. Ita kam ban san ta inda zan fara tambayarta ba.