Labarin da ke wuce kurame da makafi: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai buɗe zance, daga Kano: Assalamu alaikum. Ƙanena kurma ne, a Tudun Maliki ya yi makaranta. Jiya muna kallon labaran dare, tafintan kurame na can lungun allo, ɗan akwatinsa bai fi tafin hannuna ba, sai rubutun talla ya biyo ta ƙasa ya rufe hannayen nasa ɗungurungum. Yaron ya kalle ni, ya miƙe ya shige ɗaki. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗa mana.

Wani ɗan'uwa makaho, daga Zariya: Yaya, ni rediyo bai taɓa cutata ba, waya ce matsalar. Manhajar da ke karanta min allo rubutu take gani, hoto kuwa sai ta ce "hoto" ta ja bakinta. To mutanenmu yanzu komai a hoto: katin ɗaurin aure, jadawalin tafsiri, har sanarwar rasuwa. Bara malamina na allo ya rasu, aka saka sanarwar a zauren WhatsApp ɗinmu, ina ta jin "Allah ya jiƙansa" ban san wa ake nufi ba. Kafin in sami mai karanta min, an dawo daga maƙabarta. Layi biyu da wani zai rubuta ƙarƙashin hoton ya ishe ni. Facebook ma yana da gurbin bayanin hoto, ba a cikawa ne kawai.

Wata malamar kurame: Mu kuma akasin naka, malam. Saƙon murya na minti bakwai! Wani abin da masu gidajen talabijin ba su lura da shi ba: alamun da ake koyarwa a makaranta daga na Amurka suka samo asali, dattijon kurma a kasuwa kuwa maganar hannu ta gida yake yi. Sau da yawa tafintan yana can yana ƙoƙari, tsohon bai kama ko rabi ba.

Mai tace finafinai, daga Kaduna: Ni dai na amsa laifina. Shekara shida ina saka fassarar Turanci a ƙasan fim saboda 'yan kudu, ban taɓa tunanin rubuta Hausar kanta ba, sai da wata kurma ta tare ni a wurin biki. Fim na gaba na gwada. Kwana uku ya ƙara min, furodusa na ta mita.

Mai buɗe zance: Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman fa tun Janairun 2019 Buhari ya sa mata hannu, aka kafa hukumarsu a 2020. Malam na Kaduna, in fim ɗin ya fito ka turo, zan ba ƙanena ya duba maka rubutun.