Salsa za ta isa guzurin Grand Canyon?

Ɗalibi a Arizona: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokan karatuna za mu gangara Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na Arizona, da ƙafa ta hanyar Bright Angel, mu kwana a sansanin Havasupai Gardens. Duk sun sayi Clif Bar, wani ɗan ƙullin abincin guzuri na kanti, ni kuwa zaƙinsa ginsa ta yake, ga tsada. Maƙwabcina ɗan Meziko ya koya mini haɗa salsa: ɗanyen tumatir, albasa, barkono, lemon tsami da gishiri. In na haɗa da soyayyen tortila, wato siririyar gurasar masara, ya isa guzuri?

Anti daga Houston: Wa alaikumus salam. Ƙanena, salsa mahaɗi ce, ba abinci ba ce. Tumatir kusan duk ruwa ne, giram 100 bai kai kalori 20 ba. Wancan ɗan ƙullin da kake rainawa yana da wajen 250. Ka sha nauyin kwalba a banza, kuma wahalar wurin nan a dawowa take, lokacin da za ka hau tudu ƙafa ta riga ta gaji.

Malamin jinya: Ni lalacewarta ce damuwata. Ƙa'idar hukumomin abinci a nan Amurka ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 ba sanyi, in zafi ya haura digiri 32 na Celsius kuwa awa 1. Can ƙasan kwazazzabon ya fi sama zafi nesa ba kusa ba. Gudawa a inda mota ba ta zuwa? Allah ya kiyaye. Amma kada ka bar tortilar, gishirinta na da amfani. Mai zufa yana ta ɗirkar ruwa ba gishiri, jiri da amai ne ke biyo baya.

Baban Yara: Duk kun manta da na gida. Soyayyar gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, ga dabino, kuma ba ruwansu da firji. Ko ka daka dakuwa. Sai dai kada ka sa a taho maka da kilishi, kwastan ba sa barin nama ya shigo.

Anti daga Houston: In ka sayi guzurin kanti ka duba bayan leda, alewar nan mai danƙo wasu da jelatin ake yi. Kuma ka rufe jakarka, kuregun wurin ba su da kunya.

Ɗalibi a Arizona: Na gode, Allah ya saka. Salsar za mu cinye ta a sama kafin mu gangara. Baban Yara, dakuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kanti za ta yi kuwa?