An ce in nuna aikin da na taɓa yi: ku da kuka haɗa kundin ayyuka, ku ba mu labari

Ɗan Unguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala karatun aikin jarida, ina jiran kiran bautar ƙasa. Sau biyu ke nan ina zuwa intabiyu ana ce mini in nuna abin da na taɓa yi, ni kuma takardar CV kaɗai ce a hannuna. Don Allah, yaya kuka haɗa naku?

'Yar Rikkos: Wa'alaikumus salam ƙanina. Abin da ya same ni ke nan. Na yi SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wata shida a wani gidan rediyo a nan Jos, na haɗa rahotanni da muryata, har da wanda na yi kan tsadar tumatir a kasuwar Farin Gada. Duk na bar su a kwamfutar ofis. Da na koma nema bayan shekara, an riga an goge. Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo. Logbuk ɗina ne ya cece ni, wato littafin rubuta ayyukan da na yi, wanda mai kula da ni yake sa wa hannu duk mako. Da yawanmu muna cika shi ne don maki kawai, alhali hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai tafiyar da shirin, wadda hedikwatarta ke nan Jos, ta tsara shi ne don ya zama shaidar abin da ka koya. Daga cikinsa na tsamo ranaku da sunayen shirye-shirye, na sake naɗar guda uku a waya.

Mai zane daga Bukuru: Ni ba ni da wurin koyon aiki ma. Wani tela a Terminus na yi wa tambari da katin talla, sai mai sayar da kaji, sai makarantar Islamiyyarmu. Na zuba zane arba'in a Behance, shafin intanet da masu zane ke baje ayyukansu. Wani yayana a sana'ar ya duba, ya ce in rage su koma takwas, kuma a ƙarƙashin kowanne in rubuta abin da mai kayan ya nema da dalilin da ya sa na zaɓi launin. Wannan rubutun aka fi yi mini tambaya a kai ranar da na samu aiki.

Tsohon ɗan bautar ƙasa, Bokkos: Kada 'yan noma su ɗauka ba su ciki. Bayan mako uku na sansanin bautar ƙasa da ke Mangu aka tura ni Bokkos, na bi wasu manoman dankalin Turawa tun daga shuka. Duk Asabar ina ɗaukar hoton kunyoyi iri ɗaya, in rubuta takin da aka zuba, da ranar da cutar da ke ƙona ganye ta ɓulla da damina ta kankama, da abin da aka fesa. Shafi goma sha biyu ya zama, yana Google Drive.

Anti daga Rayfield: 'Ya'yana, ni nake zama a ɗaya ɓangaren teburin, ina tantance masu neman aiki. Ku nemi izini kafin ku fita da aikin ofis. Na taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ta kawo jadawali ɗauke da sunaye da lambobin wayar abokan cinikin inda ta yi aiki, nan take muka ajiye takardarta. Akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Ku rufe sunayen. Sannan ku ba wani adireshin kundin ya gwada buɗewa a wayarsa, don sau tari a kulle muke samunsa. Ku zo da bugaggen kwafi kuma, intanet kan yanke.

Ɗan Unguwar Rogo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na lalubo logbuk ɗina a akwatin Mama. Yaya 'Yar Rikkos, rahotannin da kika sake naɗa, kin rubuta a jiki cewa sabon naɗi ne, ko kin bar ranar farko?