Hayar shekara ko ta wata-wata: wace takarda zan sa wa hannu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min, don mai gidan ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen mako.

Na samu aiki a wani gari, na kuma samu gidan da ya kwanta min a rai, kusa da makarantar da nake son saka 'yata. Mai gidan ya ajiye min takarda biyu. Ta farko yarjejeniyar wata 12 ce, kuɗin haya ba ya motsi har wa'adi ya cika. Ta biyu ta wata-wata ce, ba ranar ƙarewa, duk wanda ya gaji a cikinmu ya ba ɗan'uwansa notis ɗin wata guda, amma kuɗinta ya ɗara na farkon da kashi 10 cikin 100. Abin da ya hana ni barci shi ne, wata shida na farko a wurin aikin na gwaji ne. In ba a tabbatar da ni ba, ko aka tura ni wani reshe, dole in tattara. Maiɗakina ta fi son ta shekara, ta ce ta gaji da ɗaure kaya da kwancewa. Ni kuma tsoron ɗaure kaina nake yi. Waɗanda suka riga ni, don Allah ku haska min.

Wani ɗan'uwa ya amsa:

Wa'alaikumussalam Malam. Ɗauki biro mu yi lissafi. A ƙaddara kuɗin haya 100 ne duk wata a takardar shekara, 110 a ta wata-wata. In ka zauna shekarar cif a kan ta biyu, asararka 120, hayar wata ɗaya da 'yan kai. In kuwa ka sa hannu a ta shekara, sai aikin bai ɗore ba a wata na shida, akwai 600 a wuyanka na gidan da ba ka ciki. Mutane da yawa suna zaton fita daga gida ita ce fita daga yarjejeniya. Ba haka ba ne, makulli kawai ka mayar, bashin yana nan. Ni da ni ne, zan ɗauki wannan 10 ɗin a matsayin kuɗin sayen ƙofar fita.

Wata 'yar'uwa ta amsa:

Lissafin ya yi kyau, amma ya manta da cewa ƙofar nan ba ta ɗan haya kaɗai ba ce, mai gida ma yana da makullinta. Mun taɓa zama a kan ta wata-wata, muna ta murna ba mu ɗaure kanmu ba. Ana tsakiyar zangon karatu mai gidan ya samu mai saye, sai ga notis. Wata guda da yara uku, neman gida, neman mota, neman sabuwar makaranta. Gidan da muka faɗa ma ba don mun so shi ba ne, shi muka samu. Kafin nan kuma ya taɓa yi mana ƙarin kuɗi, muka haɗiye, don ba mu da takardar da ta hana shi. Ƙanina, ka saurari matarka. Ita ta san wahalar tashi, kai ofis za ka tafi ka bar ta da kwalaye.

Wani dattijo mai gidajen haya ya amsa:

Ɗana, bari ka ji daga bakin mu masu gida. Ba mugunta ce ta sa ta wata-wata ta fi tsada ba. Abin da muke tsoro shi ne gida ya zauna ba kowa: a yi fenti, a biya dillali, a jira wata ɗaya ko biyu ba sisi. Wannan tsoron ne muke ɗora wa kuɗi. To in ka gane haka, ka san inda za ka yi ciniki.

Takarda biyu ya ba ka, amma ba wanda ya ce ba za a rubuta ta uku ba. Ka koma masa ka ce kana son ta shekara, amma a saka sharaɗin fita: bayan wata shida kana da damar tashi in ka ba da notis ɗin wata biyu a rubuce. Ko a rubuta cewa in ka kawo wanda zai maye gurbinka, kuma mai gida ya amince da shi, nauyin ya sauka daga kanka. Ni na sha yarda da irin wannan, don wata biyu sun ishe ni in samu wani. Sai dai ka lura, wani zai ce shi ma a ba shi damar katsewa a wata na shida, ka ga an dawo kan abin da 'yar'uwarmu ta faɗa. Kuma komai a rubuce. "Ai ba komai, in ta kama za mu daidaita" magana ce mai daɗi ranar shiga, ranar fita ba mai tuna ta.

Wani da ya karanci shari'a ya amsa:

Ƙari a kan maganar Baba: kafin komai ka duba dokar haya ta inda gidan yake, domin wani lokaci ita ke rinjayar abin da aka rubuta. A Sikotilan, tun Disambar 2017 sababbin yarjejeniyoyin hayar gida ba su da wa'adi, ɗan haya na iya tashi da notis ɗin kwana 28, mai gida kuwa sai da dalilin da doka ta lissafa. A Jamus ma yawancin haya ba ta da ranar ƙarewa, ɗan haya na ba da notis ɗin wata uku. A irin waɗannan wurare rashin wa'adi ba barazana ba ce. A wasu wuraren kuwa notis kaɗai ya isa a tashe ka.

Sannan ka karanta abin da takardar ta ce game da ranar da wata 12 suka cika. A wurare da yawa, in ka ci gaba da zama mai gida yana karɓar kuɗi, hayar ta koma ta wata-wata da kanta. Amma wata takardar tana sabunta kanta shekara guda sukutum in ba ka yi magana a kan lokaci ba. Ka kuma tambayi daga yaushe ake ƙirga notis, daga ranar da ka miƙa ne ko daga ranar biyan haya ta gaba, don kuskuren kwana biyu na iya jawo maka hayar wata.

Wani ya sa baki:

Ko wacce ka zaɓa, ka ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga. Rigimar kuɗin ajiya ba ruwanta da wa'adi.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba. Mai gidan ya yarda da ta shekara da sharaɗin fita bayan wata shida, notis wata biyu, kuma ni kaɗai ke da wannan damar. Abin da ya nema shi ne in na katse, in bar masa hayar rabin wata saboda dillali. Na ce a rubuta, ya ce gobe zai turo sabuwar takardar. Malam mai shari'a, in ta iso zan turo maka sakin layin da ya yi maganar sabuntawa ka duba min, don na karanta na tsohuwar sau uku ban gane inda ya dosa ba.